Saniya Mai Tozo: Hira a Kan Mai Zanen Littafin Yara

 

Ina gaida mutanen Wurno. Wurnon Birnin Kudu nake nufi, ta nan Jihar Jigawa, kodayake in muryata ta kai Wurnon Sakkwato su ma ga gaisuwa. Ina gaida na Kantoga da Sundimina da Kiyako. Ina gaida na Gwaram da Sara da Basirka da Fagam. Baba da ke gona, sannu da aiki. Inna da ke bakin murhu, sannu da hayaƙi. 'Yan makaranta kuwa ku matso kusa da akwatin rediyo, yau da ku za a yi.

Zancenmu na yau a kan wani mutum ne da yaranmu suka san aikinsa sarai, amma ba su san sunansa ba. Shi ne mai zanen hotunan da ke cikin littafin yara.

Ku kawo wannan a ranku. Ga yaro ɗan aji ɗaya, an miƙa masa sabon littafi. Bai iya karatu ba tukuna. Ina idonsa zai fara sauka? Kan hoto. Malam ya nuna allo ya ce, "Sa, ni, ya. Saniya." Yaro ya duba littafi. Ga wata dabba mai dabbare-dabbaren baƙi da fari, ba ƙaho, ba tozo, tana tsaye gaban wani jan ɗaki na katako. Yaron nan da asuba ya ga an tatsi saniya. Jiya shi ya kai wa shanun huɗa dusa. Sai ya yi shiru, yana duban littafi, yana duban Malam. A ransa yana cewa, wannan ai ba saniya ba ce.

Yaron bai yi kuskure ba. Wanda ya zana hoton ma bai yi ƙarya ba, saniyar ƙasarsu ya zana. Sai dai a ranar farko littafi ya gaya wa yaronmu cewa abin da ke ciki na wasu ne.

Hirar tamu zango-zango za mu yi ta. Da fari za mu hau dutse. Daga nan mu biya Zariya. Sannan mu shiga ɗakin mai zane mu ga yadda yake wuni. Daga ƙarshe mu dawo tsakar gida.

To, zango na farko. Mu hau dutse.

Duk wanda ya san Birnin Kudu ya san duwatsunta. Manya-manya, wani bisa wani, kamar da hannu aka ɗora su. A cikinsu akwai Dutsen Mesa, akwai Dutsen Habude, akwai Dutsen Murufu. A ƙarƙashin waɗannan duwatsu, inda ruwan sama ba ya duka, akwai zane a jikin dutse. Mafi yawansa zanen shanu ne, wasu da jan launi, wasu da fari. Mutanen gari sun san da su tun kaka da kakanni. A shekarun 1950 ne labarinsu ya fita duniya, lokacin da wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya zo ya duba su. Shi ne kuma ya ba da labarin duwatsun nan masu amo, waɗanda in ka ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse sai ka ji ƙara kamar ta kuge. A 1955 ya kai bayaninsu gaban wani taron masana tarihin Afirka. Daga baya gwamnati ta sa wuraren cikin kayan tarihin ƙasa, yau kuma suna hannun hukumar da ke kula da gidajen tarihi.

Ga abin da nake so ku riƙe. Shanun da ke jikin dutsen nan ba su da tozo. Ku sake ji: ba su da tozo. Wasu dogon ƙaho gare su, wasu gajere irin na muturu, amma gadon bayansu a shafe yake. Shanunmu na yau fa? Bunaji fari, da tozonsa. Rahaji ja mai dogon ƙaho, da tozonsa. Da wannan masana suka gane cewa a can zamanin da, wani irin shanu daban ne ke kiwo a ƙasar nan.

Ta yaya suka gane? Domin wanda ya yi zanen ya duba saniyarsa da kyau, ya zana abin da idonsa ya gani. Ba mu san sunansa ba. Ba mu san harshen da yake magana da shi ba. Amma mun san shanunsa. Duk lokacin da na tuna da wannan sai jikina ya yi sanyi. Mutum ya shuɗe, garkensa ya shuɗe, amma kallon da ya yi wa dabbarsa yana nan a jikin dutse, ƙetaren gonakinmu.

Wannan shi ne jigon hirarmu: mai zane da ido yake fara aiki, hannu daga baya yake biyowa.

Kuma zane bai tsaya kan dutse ba a ƙasar nan. Ku duba allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani. Ku duba aska takwas a ƙirjin babbar riga. Ku duba dagi a goshin zaure, da zanen ƙwaryar fura, da ƙunshin amarya. Duk hannun masu zane ne. Don haka in an ce zane baƙon abu ne a wurinmu, a nuna wa mai faɗa ƙwaryar kakarsa.

Zango na biyu, jama'a. Mu biya Zariya, inda zane ya shiga littafin boko na Hausa.

A shekarun 1930 akwai wata hukumar talifi a Zariya, ƙarƙashin wani Bature, Dakta Rupert East. Ita ta shirya gasar rubutu ta 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Daga 1937 zuwa 1939 aka buga Magana Jari Ce, littafi uku. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, daga baya hukumar talifi ta NORLA ta ɗauki aikin a zamanin Yaƙi da Jahilci. Iyayenmu da suka yi firamare a da sun san waɗannan littattafai, sun san Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu. Ku tambayi wani dattijo a zaure. Sau da yawa zai manta jimlolin, amma hoton yana nan a idonsa.

Cikin waɗanda suka yi wa gidan talifin nan zane akwai wata 'yar ƙasar Beljiyam, Jacqueline de Naeyer, wadda daga baya ta auri Dakta East. Baƙuwa ce, tilas ta zauna ta koyi yadda ake naɗa rawani da yadda ake ɗaura zani, kafin ta sa su a takarda.

A Zariyar nan dai, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wasu ɗaliban sashen zane suka kafa ƙungiya a 1958. Cikinsu akwai Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya. Ra'ayinsu shi ne: mu koyi dabarun da Turawa ke koya mana, amma abin da za mu zana mu ɗebo shi daga gida. Onobrakpeya ne ya zana hotunan littafin Cyprian Ekwensi mai suna An African Night's Entertainment, na 1962, labarin da ya gudana a ƙasar Hausa, wanda 'yan makaranta da yawa suka karanta.

A zamaninmu kuma akwai Mustapha Bulama, wanda masu karanta jaridar Daily Trust suka san zanen barkwancinsa. Ya zana hotunan littattafan yara da Dakta Fatima Akilu ta rubuta, kamfanin Cassava Republic na Abuja ya buga. Na ambace shi ne don ƙannena da ke sauraro su san cewa sana'ar tana raye, kuma ɗan Arewa na cin abinci da ita.

Mun iso zango na uku. Nan za mu ɗan daɗe, domin nan aikin yake. Mu yi sallama, mu shiga ɗakin mai zane.

Mu ɗauka marubuci ya kawo labari. Gajere ne, bai cika shafi biyu ba. Labarin wata yarinya ce, mu kira ta Talatu, da aka aike ta kasuwa da kwandon zogale. Me mai zane zai fara yi? Ba fensir zai ɗauka ba tukuna. Zai karanta labarin, ya sake karantawa, ya karanta da ƙarfi kamar yana karanta wa ɗansa. Yana neman inda labari ya ja numfashi, da inda ya zabura.

Sai ya rarraba labarin shafi-shafi. Littafin hoto na yara yawanci shafi 32 ne, ko 24, ko 16. Me ya sa ba 30 ba, ko 25? Ga dalili. A maɗaba'a, wato gidan buga littafi, babbar takarda ake bugawa sannan a ninke ta. Ninki ɗaya ya ba da shafi 4. Ninki biyu, shafi 8. Ninki uku, shafi 16. Ku gwada da takarda a gida, za ku gani. Don haka mai zane kamar mai gona ne da aka yanka masa kunya-kunya. Tilas irinsa ya ishi gonar, kada ya ƙare a tsakiya, kada kuma ya yi saura.

Daga nan sai ƙananan zane. Kowane shafi ya yi masa ɗan akwati, bai fi girman kwalin ashana ba, ya yi 'yan layuka a ciki da sauri. Ba a neman kyau a nan. Ana neman a ga inda Talatu za ta tsaya, inda rubutu zai zauna, inda ido zai bi. Kamar magini ne da ke shata harsashi da ƙafa kafin a kwaɓa ƙasa. Bayan haka sai ya ninke takardu ya yi littafin gwaji, ya riƙa buɗawa yana rufewa, yana jin yadda labarin ke tafiya a hannu.

A nan akwai wata dabara da nake so ku lura da ita. Juya shafi. In labari ya ce, "Sai Talatu ta ji motsi a bayan rumbu," gwanin mai zane ba zai nuna abin da ke motsin a wannan shafi ba. Zai ɓoye shi a na gaba. Yaro ya ƙagu, ya kai hannu ya juya da kansa. Yadda kaka ke yin shiru a tsakiyar tatsuniya har jikoki su ce, "Sai me, Kaka?", haka mai zane ke yin nasa shirun da takarda.

Akwai kuma zancen alƙibla. Rubutun boko daga hagu yake tafiya zuwa dama. Saboda haka in Talatu za ta kasuwa, dama za ta fuskanta, ta ja idon yaro zuwa shafi na gaba. In littafin na ajami ne, sai a juya ta ta fuskanci hagu. Sannan tsakiyar littafi, inda ake ɗinki, ba a sa fuska a wurin. In an sa, ɗinki ya cinye hanci.

Yanzu sai a ƙera Talatu ita kanta. Shekarunta nawa? Wane kitso aka yi mata? Tana da wushirya? Wace atamfa ta ɗaura? Mai zane zai zana ta sau ashirin, sau talatin. Ga ta tana dariya, ga ta tana kuka, ga ta ta ba da baya, ga ta ta tsuguna. Sai hannunsa ya san ta kamar yadda uwa ta san tafiyar 'yarta daga nesa. Domin tilas Talatun shafi na 3 ta zama ita ce ta shafi na 20. Kuma wallahi yara ba sa yafe wannan kuskure. In akuya na da baƙin kunne a farko, ta zo ƙarshe da farin kunne, babba ba zai lura ba. Yaro zai sa yatsa a kai ya ce, "An canza akuya."

To ga inda na fi son aikin nan. Rubutu ya ce, "Talatu ta kama hanyar kasuwa." Shi ke nan abin da marubuci ya faɗa. Mai zane kuwa sai ya sa akuya a bayanta, ta miƙa wuya tana fizgar zogale daga kwando, Talatu ba ta sani ba. A shafi na gaba kwando ya ragu. A na gaba ya ƙara raguwa. Babban da ke karantawa idonsa na kan haruffa. Yaron da bai iya karatu ba shi zai fara gani, ya fashe da dariya, ya ce, "Yaya, duba akuya!" Kun ga, ya riga mai karatu gane labari. Ranar nan yaron ya ji cewa shi ma yana da rabo a littafi. Daga irin wannan jin daɗi son karatu ke tsirowa.

Bayan edita da marubuci sun duba, an yi gyara, wani lokaci gyara kan gyara, sai a zo ga launi. Wani da fentin ruwa da burushi yake yi. Wani da tawada da alƙalami. Da yawa a yau da kwamfuta suke yi, a kan wani allo na gilashi da alƙalaminsa. A maɗaba'a kuwa, duk launukan da kuke gani daga tawada huɗu suke fitowa: shuɗiya, da ja-ja, da rawaya, da baƙa. Ɗigo-ɗigo ne ƙanana da ido ba ya rabewa. Shuɗi ya haɗu da rawaya, ka ga kore. Buga launi huɗu ya fi baƙi da fari tsada nesa ba kusa ba, shi ya sa littattafanmu da yawa bangon kaɗai ke da launi.

Littafi ɗaya mai shafi 32 yakan ci watanni. Yaro kuwa cikin minti goma zai gama shi. Amma zai dawo masa sau hamsin.

Masu sauraro, in yanzu kuka kama tashar, muna hira ne a kan mai zanen littafin yara. Mun ce da ido yake fara aiki, hannu daga baya yake biyowa. To ina idon nan yake kiwo?

Kasuwa, da farko. Gwanin mai zane ba ya rabo da ɗan littafi a aljihu. Ya je kasuwar Sara ranar da take ci, ya sami gindin bishiya ya zauna. Ya ga yadda mai nono ke ɗora ƙwarya bisa gammo ba ta riƙe ba. Ya ga yadda makiyayi ke gitta sanda a kafaɗa ya rataya hannuwa. Ya ga yadda mai goyo ke ɗaure majanyi, da inda ƙafafun jariri ke leƙowa. Ya ga amalanke, da yadda karkiya ke zama a gaban tozo. Wanda bai duba ba, a kan ƙaho zai ɗaura igiya ya ce ya gama.

Sai daji da gona. Kuka daban, tsamiya daban, ɗorawa daban, giginya daban. Wanda bai saba ba, duk bishiya ɗaya ce a wurinsa: sanda da dunƙulen kore a sama. Ku ɗauki gawo. Kowa a nan ya san gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar. In mai zane ya sa gero ya yi tsawo a gona, ga gawo kuma cike da ganye a tsakiya, ɗan manomi zai san wanda ya yi hoton bai taɓa riƙe fartanya ba. Haka hasken hunturu, da ƙurarsa mai dusashe duwatsu, ba ɗaya yake da hasken marka ba.

Sai tatsuniya, kuma a nan akwai tambayar da ta fi kowace daɗi. Yaya kamannin Gizo suke? Kowa ya san Gizo, amma wa ya taɓa ganinsa? A tatsuniya yana noma, yana aure, yana zuwa fada, yana da tsamin baki. To gizo-gizo ne mai ƙafa takwas, ko mutum ne siriri mai ɗan tumbi da 'yar hula? Ƙoƙi fa, ƙwaro ce ko mace mai ɗan kwali? Dodo fa? Kaka ba ta taɓa faɗa ba. Kowane yaro da nasa Gizon a cikin duhun dare. Ranar da mai zane ya sa Gizo a takarda, ya zaɓar wa dubban yara fuska ɗaya. Nauyi ne babba. Ni a ganina, gwani shi ne wanda zai zana Gizo ya kuma bar wa yaro wurin da zai ƙarasa da kansa. Dodo kuwa, inuwarsa da ƙafa ɗaya sun fi dukan jikinsa ban tsoro.

Wannan ɗebowa daga gida ba mu kaɗai ba ne. A ƙasar Gana akwai Meshack Asare, wanda ke rubuta littafin yara ya kuma zana da kansa. Ɗaya daga cikin littattafansa, na 1970, kan wani yaro ne a cikin masunta na bakin teku. Wani kuma, The Brassman's Secret, ya gina shi a kan 'yan gumakan tagulla da Asantawa ke auna zinariya da su, ya ci kyautar Noma a 1982. Abin da ke ƙofar gidansa ya duba, duniya ta zo ta taya shi kallo.

Na san akwai mai sauraro da tun ɗazu yake cewa, "Malam, hoton abu mai rai fa?" Tambaya ce mai nauyi. Ba zan tsallake ta ba, ba kuma zan ba da fatawa ba, domin ba fagena ba ne. An san tsananin da ya zo a kan surar abu mai rai. An kuma ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana da take wasa da su tana ƙarama, kuma da wannan wasu malamai suka kafa hujjar sassauci a kan kayan wasan yara da na koyarwa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya je gun malaminsa ya tambaya. Fagen zane kuma da faɗi yake: itatuwa, gidaje, kayan sana'a, taswira, zayyana, ƙawata haruffa. Duk littafin yara na bukatarsu.

Sana'ar tana da nata ƙunci, kada in ɓoye muku. Sau da yawa dunƙule ɗaya ake biyan mai zane. A yi ta sake buga littafi shekara da shekaru, shi ko sisi. Wani lokaci ko sunansa ba a sawa a bango. Wani kuma ya kwafe hoton ya liƙa a nasa littafin ba izini. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, ta haɗa da zane. Don haka ƙanena, in ka shiga sana'ar, a rubuta yarjejeniya: nawa ne, hoto nawa ne, na wane ne bayan an gama, kuma sunanka zai fito ko a'a.

Bukata kuwa tana nan. An yi littattafan koyon karatu da Hausa, irin Mu Karanta a makarantun Bauchi da Sakkwato, da na shirin RANA a Katsina da Zamfara. A intanet akwai rumbun African Storybook, da aka buɗe a 2014, inda ake samun labaran yara kyauta har da na Hausa. Wasu daga cikin labaran fassaro su aka yi, hotunan kuwa na can inda suka fito ne. Kalmomin sun zama Hausa, saniyar ba ta zama ba. Gurbin ke nan da ke jiran yaran da suka tashi a gindin turke.

Zango na ƙarshe. Mu dawo tsakar gida. Iyayena mata, yayyena, malaman firamare da na Islamiyya, da ku nake.

Akwai yaro a gidanku da ba ya ganin rairayi bai ɗauki kara ya yi zane ba. Akwai wanda da damina ke ɗebo laka ya gina shanu. Ku lura da shanun lakar nan. Ba ɗaya da za ku gani ba tozo. Ba wanda ya koya masa, gani ya yi. Akwai mai ƙera motar kara, da ƙofa mai buɗewa. Akwai yarinyar da ke cika bayan littafin lissafinta da furanni irin na ƙunshi. Sau nawa muke cewa, "Tashi, shiririta ke nan!" Wani ma har da ranƙwashi.

In ya yi zane da gawayi a bangon da aka shafe jiya, a hana shi bango, a ba shi wani wurin. Bayan tsohuwar kalanda ya isa. Kwalin sabulu ya isa. Launi kuwa yana madafa da bayan gida: gawayi ga baƙi, jar ƙasa ga ja, farar ƙasa ga fari, gangamau ga rawaya, ruwan zoɓo ga ja mai duhu. A jiƙa ɗan ƙaro a zuba, kamar yadda almajiri ke haɗa tawada, sai ya kama takarda.

In ya kawo muku abin da ya zana, kada ku ce, "Wannan kuma mene ne?" Ku ce, "Zo ka ba ni labarinsa." Za ku sha mamakin abin da zai fito daga bakinsa. In kuna da littafi mai hoto, ko da ba ku yi boko ba, Inna, ki ɗora shi a cinya ku duba tare. Ki tambaye shi me ya gani, wa ke fushi, me zai faru a gaba. Wannan ma karatu ne.

Malamai kuma, daga Wurno zuwa Birnin Kudu ba tafiyar kwana ba ce. Ku nemi izini wurin ma'aikatan da ke kula da duwatsun, ku kai yara su ga shanun nan da idonsu. A ja musu kunne tun daga gida: ba a taɓa zanen, ba a watsa masa ruwa don ya fito, ba a rubuta suna a jikin dutse. Kowane yaro ya tafi da takarda da fensir, ya zauna a inuwa ya kwaikwayi abin da ya gani.

'Yan makaranta, ga aikinku na wannan mako. Gobe da safe ku je turke ko garke. Ku zaɓi saniya ɗaya. Kada ku taɓa fensir tukuna. Ku dube ta gwargwadon lokacin shan kofin koko. Ina ƙahon ya lanƙwasa? Ina tozon ya karkata? Ta wace ƙafa take fara tashi, ta gaba ko ta baya? Akwai belbela kusa da ita? Bayan kun gama kallo, sannan ku zana. Ku rubuta sunanku da na garinku a ƙasa, ku kai wa malaminku ranar Litinin.